Mazubin Harsashi a Amurka: Na Araha ko Na Tsada, Wanne Ya Dace da Kai?

A Amurka, duk wanda ya kamu da son gasar harbi ko farauta ba ya daɗewa zai gane cewa bindiga sau ɗaya ake sayenta, harsashi ne ke cin aljihu kullum. Shi ya sa da yawa suke tara kwanson da suka harba su sake ɗura shi a gida. Wasu kuma sukan ƙara gaba, su narka dalma su zuba kan harsashin da hannunsu. Wanda ya kai wannan mataki dole ya tsaya ya yi shawara: ya sayi mazubin kamfanin Lee na dala talatin da 'yan kai, ko ya sa hannu a aljihu ya ɗauko wanda ya ninka shi uku ko biyar?

Kafin a shiga ciniki, a san inda ake. Dokar tarayyar Amurka ta yarda mutum ya haɗa harsashin da zai harba da kansa, amma in sana'ar sayarwa zai yi sai da lasisi, kuma jihohi na da nasu ƙarin sharuɗɗan. Ɗan'uwan da ke zaune can da bizar karatu ko ta ziyara ya kula sosai, domin dokar ta hana masu irin wannan biza mallakar bindiga da harsashi sai bisa wasu 'yan sharuɗɗa, kamar riƙe lasisin farauta. A Najeriya kuwa ƙera harsashi ba da izinin hukuma ba laifi ne da ke kai mutum gidan yari. Maganar nan ta wanda doka ta ba dama ce a inda yake zaune.

Mazubin kansa ba wani abu ne mai wuyar ganewa ba. Ƙarfe ne guda biyu da ke haɗuwa fuska da fuska, an fafe surar harsashi a tsakaninsu, rabi nan rabi can. Akwai 'yan ƙusoshi da ke sa su haɗu daidai, akwai mariƙi mai ƙotar katako, sannan a sama akwai wani faranti mai huda wanda ta nan dalma ke shiga, shi ne kuma ke yanke ragowar da ta daskare a kai. Duk bambancin na araha da na tsada yana cikin abu huɗu ne: irin ƙarfen, ingancin fafewar, ƙarkon ƙusoshi da farantin, da kuma ko za ka samu girman da bindigarka take so. Na ƙarshen nan shi ne uwa uba, kuma shi ne mafi yawan sababbin shiga ke mantawa.

Bari mu fara da na araha, domin kusan kowa da shi yake farawa. Richard Lee ya kafa kamfaninsa a 1958, kamfanin kuma yana garin Hartford a jihar Wiskonsin. Mazuban Lee na alminiyam ne. Mai rami biyu yana zuwa da mariƙinsa a haɗe, wato ka biya ka tafi gida ka fara aiki. Mai rami shida ya ɗan fi tsada, kuma shi sai ka sayi mariƙi daban, amma ko an haɗa duka biyun da wuya su kai kuɗin mazubin baƙin ƙarfe guda mai rami biyu wanda ba shi da mariƙi. Alminiyam ba ya tsatsa, ba shi da nauyi, yana kuma ɗaukar zafi da wuri, don haka ba ka daɗewa kana zubar da harsasai masu tattara kafin masu kyau su fara faɗowa.

Kada kowa ya gaya maka cewa harsashin da ya fito daga mazubin Lee ba ya zuwa inda aka aike shi. Ga ƙaramar bindiga a tazarar yadi ashirin da biyar, hannun maharbi ne ke fara kuskure kafin harsashin ya yi. Inda arahar take bayyana shi ne a jikin kayan. Alminiyam yana da taushi, farantin sama kuwa in ya bushe ko dalma ta maƙale a ƙarƙashinsa sai ya fara kartar saman mazubin, kuma da zarar kartar ta kai bakin rami gindin harsashi ya lalace. Gindi kuwa shi ne sitiyarin harsashi. In ya karkace ko ya yi gibi, iskar albarushi za ta kufce ta gefe guda a lokacin da yake barin bakin bindiga, sai ya kauce. Ƙusar da ke riƙe farantin ma takan saki, domin zaren da aka yi mata a cikin alminiyam ba ya jure ɗauri da kwancewa da yawa. Duk waɗannan ana magance su da ɗigon mai kaɗan a wuraren da ke gogayya, da rufe mazubin a hankali, da barin dukansa da sanda. Wanda ya lallaɓa shi zai ci dubban harsasai da shi. Mai gaggawa da ƙarfin hannu kuwa zai gama da shi da wuri.

Akwai wani abu da Lee ya yi wanda ya cancanci yabo. Ya fito da harsasai masu ƙananan zobba da yawa a jiki, waɗanda ba sa buƙatar injin shafa mai da matsewa. Ka zuba su a roba, ka ɗiga musu man Alox, ka karkaɗa, ka shanya. Wannan kaɗai ya sauke wa mai farawa kuɗin wata na'ura da ta fi mazubin tsada nesa ba kusa ba.

Sai tsofaffin gidaje, masu baƙin ƙarfe. Lyman, da ke Middletown a jihar Kanetikat, ya gaji wannan sana'a ne daga kamfanin Ideal da ya saya a 1925, kuma har yau wasu surorin da yake sayarwa tun na wancan zamanin ne. RCBS, wanda Fred Huntington ya kafa a 1943 a Oroville ta Kalifoniya, ya yi suna wajen tsabtar aiki. Saeco kuma yana hannun kamfanin Redding ne a jihar Niyok. Waɗannan sukan kai wajen dala ɗari, wasu su wuce, ban da mariƙi wanda shi ma kuɗi ne mai kauri, ko da yake mariƙi ɗaya zai yi maka aiki da mazubai da yawa.

Me kake saya da wannan kuɗin? Ƙarko da natsuwar zafi. Duk wadda ta taɓa suyar waina ta san bambancin tandar ƙasa da ta gwangwani: ɗaya tana jinkirin yin zafi, amma in ta ɗauka sai ta riƙe, waina ta riƙa fitowa iri ɗaya, ɗayar kuwa da an ɗan juya baya ta huce ko ta ƙone. Haka baƙin ƙarfe yake a kan alminiyam. Dalma zalla tana narkewa a digiri 327 na ma'aunin Salshiyas, masu zubi kuma sukan riƙe tukunya tsakanin 370 da 400. Amma zafin mazubin da kansa shi ke yanke hukunci. In ya yi sanyi, harsashi ya fito da tattara da kafaɗu marasa kaifi. In ya yi zafi da yawa, ya fito da fari-fari kamar an barbaɗa masa gari, dalma kuma ta shafe a ƙarƙashin faranti. Baƙin ƙarfe yana ba ka fili mai faɗi tsakanin waɗannan biyun. Kana iya tsayawa ka duba abin da ka zuba, ka ƙara dalma a tukunya, ka dawo bai gudu ya bar ka ba. Zarensa ba ya cinyewa, samansa ba ya karcewa da sauƙi, kuma mazubin da kaka ya yi aiki da shi jika na iya ci gaba da shi.

Aibinsa ɗaya ne babba, tsatsa. In kana zaune a wuri mai laima irin Hustan ko Filorida, ka bar shi kwana kaɗan a gareji ba kariya, za ka tarar da ja-ja a cikin ramin, kuma tabon tsatsa a cikin rami yana bin kowane harsashi da za ka zuba daga ranar. In ka shafa masa mai, dole ka wanke shi tas kafin zubi na gaba, don ko ɗigon mai a rami yana kawo tattara. Masu wayo sukan ajiye shi a akwati mai rufuwa ruf da ƙunshin abin tsotse laima. Ga kuma nauyi: mai rami huɗu na baƙin ƙarfe yana gajiyar da wuyan hannu tun ba a je ko'ina ba.

Rukuni na uku shi ne ya sauya kasuwar a 'yan shekarun nan: ƙananan masana'antu masu injin da kwamfuta ke tuƙawa. Accurate Molds da NOE a jihar Yuta, da MP Molds a ƙasar Sulobeniya, suna cikin waɗanda aka fi ambata. Kuɗinsu yana farawa daga kusa da na Lyman ya hau sama, gwargwadon yawan rami da irin ƙarfe. Suna yi da alminiyam mai kauri da ƙusoshin ƙarfe masu ƙarfi da faranti mai kauri, suna kuma yi da tagulla. Tagulla tana fitar da harsashi mai kyan gani ƙwarai, tana riƙe zafi, ba ta tsatsa, shi ya sa ake son ta wajen harsashi mai rami a hanci, wanda ƙusar hancinsa ke buƙatar zafi mai ɗorewa. Amma ta ninka alminiyam nauyi sau uku, don haka mai ciwon gwiwar hannu ko dattijo ya yi tunani sau biyu kafin ya sayi mai rami huɗu ko shida. Sabuwarta kuma dalma mai kuza da yawa takan manne mata, sai ta sha wuta ta yi duhu tukuna take lafawa.

To yanzu ga ainihin maganar. Harsashin dalma ba kamar mai rigar jan ƙarfe ba ne. Yana son ya fi faɗin cikin bututun bindiga da ɗan kaɗan, kamar kashi ɗaya zuwa biyu cikin dubu na inci, don ya toshe hanya ruf. In ya gaza, iska mai zafi ta bi ta gefensa ta zaizayi jikinsa, ta shafe bututun da dalma, bayan harbi kaɗan saiti ya watse, kai kuma ka kwana kana kankara. Shi ya sa ake matse na libarba, wato ƙaramar bindiga mai juyayyen gidan harsashi, samfurin .38 a faɗin inci .358, na .45 ACP a .452, na .44 a .430 ko sama da haka kaɗan. Na'urar matsewa tana rage harsashin da ya yi girma, amma ba ta iya ƙara wanda ya fito ƙarami. Saboda haka mazubin da ke fitar da harsashi ƙasa da abin da bindigarka take so bai da amfani a gare ka, ko da na zinari ne. Wanda kuma ke fitar da daidai, ya gama maka aiki ko da dala talatin ka saye shi.

Manyan kamfanoni, na araha da na tsada duka, suna fafe raminsu ne bisa girman da littafi ya ce, da kuma wani haɗin dalma da suka zaɓa. Lyman, alal misali, yana da sanannen haɗinsa mai lamba 2: dalma kashi 90, kuza 5, antimoni (wani ma'adini mai taurara dalma) 5. In ka zuba da dalma mai laushi, harsashin zai fito ya fi ƙanƙanta ya kuma fi nauyi. In antimoni ya yi yawa, ya fi faɗi ya fi sauƙi. Kenan ko mazubi mai tsada na iya ba ka ƙasa da abin da aka rubuta a kwali in haɗinka ya bambanta da nasu. Ƙananan masana'antun nan a nan suka yi zarra: a wurin Accurate kai za ka faɗi faɗin da kake so da haɗin da za ka zuba, a fafe maka a kan haka.

Wa ke buƙatar wannan? Mai tsohuwar bindiga, da farko. Ɗauki Lee-Enfield mai harsashi .303, wadda kakanninmu da suka yi soja a zamanin Turawa suka riƙe, wadda kuma ke cike da kasuwar tsofaffin bindigogi a Amurka da Kanada. A takarda bututunta wajen .311 ne, amma da yawa daga waɗanda aka ƙera cikin gaggawar yaƙi sun kai .313 ko .314, wasu ma sun wuce. Mazubin da ke fitar da .312 ba zai yi musu ba. Lyman na da mazubi mai lamba 314299 don irin waɗannan, in kuma ita ma ta gaza sai a yi oda. Haka bindigogin Marlin masu ƙananan zirara da yawa a bututu suka fi son harsashi mai ɗan kauri. Haka libarbar da maƙogwaron gidajen harsashinta ya fi yadda aka saba faɗi. Mai sabuwar 9mm ta zamani ma wani lokaci yakan tarar tana son .357 maimakon .356.

Shi ya sa nake ganin kuskure ne mutum ya fara da tambayar kamfani. Ya fara da awo. Masu sana'ar sukan tura dunƙulen dalma mai laushi ta cikin bututu su auna shi da maikuromita, wato ma'aunin faɗi mai gane kashi ɗaya cikin dubu na inci, ko su kai wa maƙerin bindiga ya auna musu. Maikuromita mai kyau da ma'aunin zafin tukunya sun fi ƙara wa harsashinka inganci fiye da dala ɗarin da za ka ƙara a kan mazubi, kuma su za su gaya maka ko kana buƙatar ƙarin ma.

Wani sabon abu ya ƙara wa na araha daraja: fentin gari da ake gasawa. Ana karkaɗa harsasai a cikin garin fenti, a gasa su a wajen digiri 200 na kimanin minti ashirin a tanderun da ba a sake dafa abinci a ciki. Rigar da ke fitowa tana maye gurbin mai, tana rage hayaƙi da shafewar dalma, tana kuma ƙara wa harsashi kashi ɗaya zuwa biyu cikin dubu na inci. Mazubin da a da za a ce ya ɗan gaza, yanzu fenti na cike gibin. Sai dai a kula da hanci, don shi ma yana yin kauri, a wasu bindigogin har ya hana harsashi shiga mazauninsa.

Yawan rami kuma lissafi ne kawai. Mai harba 500 a wata zai zuba sau 250 da mai rami biyu, sau 84 kacal da mai rami shida. Ga mai ƙaramar bindiga da ke zuwa filin harbi kowane mako, mai rami shida na Lee ciniki ne da ba a samun irinsa, kuma a ganina ya fi ɗan'uwansa mai rami biyu ƙwari, ga kuma sandar da ke taimaka masa yanke ragowar dalma ba tare da duka ba. In ya tsufa bayan shekaru, sannan ka san surar da kake so, sai ka sayi irinta a alminiyam mai kauri. Dala ɗarin da ka ƙara, in ka raba ta kan harsashi 10,000, kwabo ɗaya na dala ne a kan kowanne.

A ɗaya gefen akwai masu harbin nesa da baƙin albarushi, waɗanda ke gasar kayar da farantan ƙarfe masu siffar raguna a tazarar mita 500 da bindiga irin .45-70, wadda sojan Amurka ya fara amfani da ita a 1873. Harsashinsu yakan kai giren 535 (giren ma'aunin nauyin harsashi ne), wato laba ɗaya ta dalma 13 kawai take bayarwa, alhali tana ba da 44 na giren 158. Irin wannan ƙaton harsashi yana zuba zafi mai yawa a mazubi, kuma a wannan tazara ɗan bambancin nauyi yana nunawa a sama ko ƙasa. Su rami ɗaya suke so, na baƙin ƙarfe, su zuba da ludayi a natse, su auna kowane harsashi a sikeli. Ga waɗannan tsada ba alfahari ba ce, kuma ban ga dalilin da zai sa su yi rowa a nan ba.

Akwai kuma mai sayen sura don tarihinta. Harsashin da Elmer Keith, shahararren maharbin Amurka, ya zana wa Ideal a ƙarshen shekarun 1920, mai lamba 429421, har yau mafarauta da libarba .44 suna nemansa saboda faffaɗan hancinsa da kaifin kafaɗarsa. Haka sura mai lamba 68 ta kamfanin Hensley & Gibbs, mai giren 200, wadda ta zama abin koyi a gasar .45. Wancan kamfanin ya rufe, mazubansa sai a hannu, da tsada. Lee yana da mai kama da ita, ƙananan masana'antu kuma suna kwaikwayonta kusan layi da layi. In ka tarar da tsohon mazubin baƙin ƙarfe a kasuwar bindigogi, rufe shi ka ɗaga wa haske: in haske ya ratsa tsakanin fuskokin, ko ka ji suna motsi in ka murɗa, ko ka ga tabo a bakin rami, ajiye shi. Tsatsar waje ba komai ba ce.

Abu ɗaya da ba ya cikin ciniki shi ne lafiya. Mu da muka ji abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara a 2010, inda yara ɗaruruwa suka rasu saboda ƙurar duwatsun zinari da ake daka a cikin gidaje, ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani. Hanyar da dalma ta fi shiga jikin mai zubi ita ce hannu zuwa baki, da ƙurar dattin da ake kwashewa a saman tukunya. Kada a ci, kada a sha, kada a sha taba a wurin aiki. A wanke hannu da sabulu. Kayan aiki su tsaya a gareji. Yara da mai juna biyu su yi nesa. A yi zubi inda iska ke wucewa. A riƙa gwada jini lokaci-lokaci. Tabarau da safar hannu ta fata wajibi ne, kuma ko ɗigon ruwa ya shiga ƙarƙashin narkakkiyar dalma sai tukunya ta yi aman wuta. Mai tsintar dalmar da ake maƙala wa ƙafar mota ya tantance sosai, domin yanzu da yawa na zinki ne ko ƙarfe, tun da jihohi irin Kalifoniya suka hana na dalma, zinki kaɗan kuwa yana ɓata tukunya guda har mazubi mafi tsada ya kasa cika. Mafarauci a Kalifoniya ma ya sani cewa tun 2019 an hana farauta da harsashin dalma a faɗin jihar.

In ɗan'uwa ya zo mini yau da sabuwar libarba .357 ya ce zai fara, zan ce ya sayi mai rami biyu na Lee mai giren 158, da maikuromita, da ma'aunin zafi, ya koyi riƙon zafi da saurin hannu a kan kayan da in ya ɓata ba zai yi kuka ba. In ya ce tsohuwar Enfield ce ya gada ko ya saya, ba zan bari ya kashe ko sisi a kan mazubi ba sai ya kawo mini awon bututunta, kuma in ta kai .314 kai tsaye wurin masu yi bisa oda zan tura shi, na alminiyam mai rami biyu ko uku, da faɗin da ya ɗara nata da kashi ɗaya ko biyu cikin dubu.